Bindigar da ta Sha Hayaƙin Banda

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina aikin ɗamara, bindigogi iri-iri sun ratsa ta hannuna, amma guda ɗaya ce har yau nake tunawa da ita kamar yadda ake tuna mutum. 'Yar gajeriya ce mai sarrafa kanta. Gindinta na ƙarfe ne, ana naɗe shi ya kwanta a jikinta, idan an naɗe kuwa tsawonta bai wuce kamu ɗaya da ɗan ɗori ba. Mai hange daga nesa zai ce abin wasan yara ce. Sai ka rataya ta daga safe zuwa la'asar sannan wuyanka zai gaya maka gaskiya.

Ina son ta, ba na ɓoyewa, amma na san halinta. Doguwar bindiga kullum ka san inda bakinta yake kallo, don tsawonta ba ya barin ka manta. Wannan kuwa ka juya ka gai da mutum, ita ma ta juya ta gaishe shi. Kuma idan yatsa ya taɓa kunamarta alhali makullinta yana buɗe, ba ɗaya take fitarwa ta tsaya jin ra'ayinka ba. Kafin ka ce a'uzubillahi ta amayar da rabin abin da ke cikinta, bakinta yana ta ɗagawa sama. Shi ya sa tun muna sabbin shiga aka dasa mana a ka: yatsa a waje, makulli a rufe, baki a ƙasa. Sai babbar doka, wadda ta shafe sauran: ba ta barin jikinka, kuma hannun da ba naka ba ba ya taɓa ta. Ko igiyar takalmi za ka ɗaura, da ita a wuyanka za ka sunkuya.

Ban taɓa harba ta a kan ɗan Adam ba, alhamdu lillahi. Aikina da ita shi ne ratayawa da gogewa. Kuma kowa a aikinmu ya san abin da ke jiran wanda ya dawo hannu rabbana. Ka dawo da karaya, a yi maka sannu. Ka dawo babu bindigar da ka sa hannu ka karɓa, a ɗaki mai duhu za ka fara kwana kafin a tambaye ka yadda aka yi, bayan nan kuma a tuɓe maka kaki. A lokacin da nake ba da labari, shekara ɗaya da 'yan watanni suka rage mini in ajiye aiki, kuma takardata fes take, ko ɗigon jan biro babu.

A daminar wannan shekarar ne ruwa ya ci jingar da ke tare kogi, ya shiga ƙauyuka da dama a wajen Auyo. Shinkafar da ta fara ɗaukar ciki duk ta nutse. Mutanen wani ƙauye suka tattara a makarantar firamare da ke kan ɗan tudu, aka kai musu kayan abinci aka zuba a aji guda. Sai aka tura mu mu biyu daga Hadejia mu kula da wurin, daga Juma'a zuwa Juma'a. Ni ne babba, ni na sa hannu na karɓi gajeriyar da harsasanta ƙidayayyu. Abokin aikina, wani kofur mai surutu da wayo, kulki kawai aka ba shi.

Babur ya kai mu inda hanya ta ƙare. Daga nan sai ruwa, iya ganinka, kawunan bishiyoyi ne kawai suke leƙowa. Ni kuwa mutumin tudu ne. Ƙauyenmu can gefen Jahun yake, ruwan da na sani na guga ne, ban iya iyo ba ko na minti ɗaya.

Mai fito wani tsoho ne siriri, baƙi wuluk, furfura ta cika masa gemu. Ya dube ni sama da ƙasa, ya tsaya a kan hancina.

"Wannan hancin ba na fadama ba ne," in ji shi. "Bafulatani ne?"

Na ce kakannina dai, mu a gari muka tashi.

"Alhamdu lillahi! Uwata Babarbariya ce. Yau Allah ya kawo mini bawana har bakin ruwa, an ma yi masa ɗinki."

Matan da ke jiran fito suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, don wasan Fulani da Barebari ba ya duba kaki. Na ce, "Baba, ai ni na zo duba yadda bayina suke, an ce ruwa ya ci ku."

Ya ce mu cire takalma, muka cire. Sai ya nuna ƙirjina da haɓa.

"Ita ma cire ta daga wuyanka. A jirgina ko mai goyo sai ta kwance ta rungume ɗanta a gaba. Ba a shiga ruwa da abu ɗaure a jiki."

Na ce wannan ba goyo ba ce, doka ce.

Bai yi musu ba. Ya sunkuya ya jawo wani ƙaton gora daga cikin jirgin, irin wanda masunta suke hawa su yi su, da doguwar igiya a wuyansa. Ya ce duk abin da mai shi ba ya son rasawa, a jikin goran nan ake ɗaure shi. Keken ɗinki ya haye a haka, injin ban ruwa ma ya haye. Idan jirgi ya kife, ko goran bai iya ɗaga kayan ba, zai tsaya a sama ya nuna inda suka kwanta. Ya miƙo hannu in ba shi.

A nan ne raina ya ɓaci. Ni, saje guda da igiya uku a hannu, in miƙa wa farar hula bindigata ya ɗaure ta a jikin gora kamar tunkiya, mata suna kallo? Na ɗaure fuska na ce ba a taɓa ta, kuma ba za a ɗaure ta ba. Ya ce to shi ma jirginsa ba ya tashi. Muka yi cirko-cirko, rana tana dukanmu. Daga ƙarshe kofur ya shiga tsakani, aka raba gardama: na cire maratayin daga wuyana, na naɗe gindinta, na ɗora ta a kan cinyata, bakinta yana kallon ruwa. Gora kuwa na ce ya riƙe abinsa. Tsohon ya girgiza kai ya tura jirgi.

Mun ci fiye da rabin tafiya lafiya. Muna bi ta kan gonakin mutane, yana gaya mana wannan ta wane ce, waccan ta wane, alhali ni ban ga komai ba sai ruwa mai launin koko. Da muka kusa ƙauyen sai ya ce kowa ya natsu, nan ne tsohuwar hanyar kogi, akwai zurfi da ja. Ya bi da mu ta ƙarƙashin wata bishiya da ruwa ya ci rabinta. Muna shiga inuwarta wani abu mai tsawo ya faɗo daga reshe, tim, a kan ƙafata. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na ji tsohon ya daka tsawa, "Zauna!" amma jirgi ya riga ya karkata.

Abin da na sani bayan nan shi ne ruwa a hanci, ruwa a baki, ina ta cakumar abin da babu. Sai na ji an turo mini wani abu a ƙirji da ƙarfi, na rungume shi da hannu biyu. Goran nan ne da na raina. Tsohon ya ja igiyarsa, ya ja ni har inda ƙafata ta taɓa ƙasa. Kofur ya maƙale a jikin jirgin, shi ma ya fita. Na durƙusa a cikin taɓo ina amayar da ruwa, sai da numfashina ya dawo na dubi hannayena. Babu komai a cikinsu.

"Guza ne fa," in ji tsohon, yana matse rigarsa. "Ba ma maciji ba. Guza, abin miya."

Ban yi dariya ba. Da maratayin nan yana wuyana, da wataƙila da ita zan kwanta a ƙasan kogi, na san haka tun a lokacin. Amma wallahi a wannan sa'ar ban gode wa Allah yadda ya kamata ba. Ɗaki mai duhu nake gani, da fuskar matata, da maƙwabtan da za su ce ai dama.

Samarin masunta suka yi ta nutso ranar har rana ta yi ja, suka sake washegari. Su fito da laka, su fito da reshe, wani ma ya fito da tukunya. Ruwan yana da ja, ƙasan kuma laka ce mai haɗiye abu. Ran Lahadi suka ce sun gaji, kuma ban ga laifinsu ba, kowannensu gidansa ya rushe, yana da nasa bala'in. Tsohon ne kaɗai bai daina ba. Kullum da safe zai je wurin da jirginsa, ya saki igiya mai ƙugiyoyi yana ja a hankali. Amma bai shiga ruwan da kansa ba. Matarsa, wata tsohuwa mai sana'ar bandar kifi da kowa ke kira Inna, ta gaya mini ya fi shekara goma bai yi nutso ba, tun da kunnensa ya yi wani ciwo aka hana shi a asibiti.

Ni kuwa ina bakin ajin da aka tara abinci, ina gadi da hannu a aljihu. Duk ƙauyen sun sani. Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu wanda ya ce uffan. Mata su zo karɓar rabonsu su ce, "Sannu da aiki, Yallaɓai," su sunkuyar da kai kamar sun zo gidan makoki. Kullum da yamma ogana zai bugo waya daga Hadejia, in ce masa komai lafiya lau. Tuwon da ake kawo mana ko loma uku ba na iya yi.

Ran Lahadi da yamma kofur ya ja ni bayan makaranta.

"Oga, ka tsaya ka yi tunani. Wa ya ce ka cire ta daga wuya?"

Na ce mai fito.

"Wa ya bi da mu ta ƙarƙashin bishiya? Wa yake zuwa wurin shi kaɗai kullum da safe? Ni ban ce ya ɗauka ba. Amma idan ka rubuta yadda aka yi, su can za su yi nasu lissafin. Kai a ja maka kunne, shi a zo a tafi da shi a tambaye shi. In ba haka ba ni da kai duk mun tafi, kuma ni yarana ƙanana ne."

Na zage shi. Na ce ba shi da tsoron Allah, mutumin da ya fitar da ni daga ruwa! Ya juya ya tafi. Ba mugu ba ne, tsoro ne ya kama shi, irin wanda ya kama ni. Bambancinmu kawai shi ya furta.

Washegari Litinin bayan azahar, na shiga wani aji, na zauna a kan bencin 'yan makaranta gwiwoyina suna tokarar tebur, na rubuta. Da Turanci na rubuta, yadda ake rahoto. Na ce mai fito ya matsa sai na cire makami daga jikina. Na ce ya kauce ya bi ta ƙarƙashin bishiya. Na ce tun daga ranar ana ganinsa a wurin shi kaɗai. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, na dai jera gaskiyar ne yadda za ta ci mutum. Ban ambaci gora ba. Ban ambaci guza ba, ban kuma ce na miƙe tsaye ba. Na gaya wa kaina ba zan aika ba sai Laraba, in ba a samu ba. Kofur ya ce in ba shi ya duba mini kurakurai, na ba shi na tafi alwalar la'asar. Sai wajen magariba ya dawo mini da ita, na ninke na sa a aljihun ƙirji.

Ran Talata da hantsi wata mata ta zo bakin ajin ta durƙusa.

"Yallaɓai, Inna ta ce ka zo ka ɗauki kayanka."

Ban tambaye ta wane kaya ba. Rabona da gudu irin na ranar tun muna horo. Tsohon da matarsa sun kafa 'yar bukka a gefen tudun, kusa da ruwa, a nan Inna ta haɗa wurin bandarta. Na tarar da mata sun kai goma a tsaye, hayaƙi yana tashi. Na kutsa. Ga ragar banda, ga tarwaɗa an nannaɗe su an jera, ga karfasa, ga garwashi yana ci a ƙasa. A tsakiyarsu kuma ga bindigata a kwance, an shimfiɗe maratayinta a gefe, gidan harsashinta yana jikinta cike. Bakinta yana kallon cikin matan.

"Na wanke maka ita tas da soso," in ji Inna, tana fifita wuta. "Laka ce har cikin hancinta. Na ga tana ta ɗigar ruwa, na ce bari ta ɗan sha wuta kada tsatsa ta kama ta."

Ban san irin muryar da ta fito daga bakina ba. Na dai ga mata sun watse, wata ta bar takalminta. Na tuɓe rigata ta sama na naɗe hannu, na zagaya ta bayan ragar, na ɗauke ta a hankali kamar mai ɗaukar jariri daga cinyar mai barci. Ƙarfen ya yi zafin da sai da na ji shi ta cikin rigar. Na juya bakinta ga ruwa, na taka har bakin gaɓa, na raba ta da gidan harsashin, na tabbatar babu abin da ya saura a cikinta. Makullin yana rufe yadda na bar shi ran Juma'a. Na ajiye komai a inuwa, sannan na zauna daɓas a cikin taɓo.

Inna ta biyo ni, ranta a ɓace. "Kai kuwa wane irin mutum ne? A yi maka abin arziki ka kori mutane kamar an ga kura?"

Na buɗe baki zan yi masifa, sai dariya ta ƙwace mini, daga dariyar kuma sai hawaye. Ina za ta sani? Ita duk abin da ya fito daga ruwa, in ana son ya daɗe, wuta ake nuna masa. Na ce, "Inna, Allah ya saka da alheri. Amma don Allah in kin sake samun irinta, ki bar ta da ruwanta."

Sai a lokacin na tambayi wanda ya samo ta. Ta nuna bukka da hannu, fuskarta ta canza.

Yana kwance a kan tabarma ta gefe ɗaya, an toshe masa kunnen hagu da tsumma, tsumman ya yi ja. Tun da gari ya waye ya tafi, in ji Inna. Ƙugiya ta kama wani abu mai nauyi ta kuɓuce, sai ya kafa sandarsa a wurin ya bi ta ya nutse. Sau huɗu yana shiga. A na huɗun ya fito da ita, jini yana bin wuyansa.

Ya buɗe ido ya gan ni. "Bawana, ka ƙirga 'ya'yanta? Sun cika?"

Na ce sun cika, Baba.

"To madalla. Ka gaya wa Fulani Barebari sun sake fitar da su kunya."

Na riƙe hannunsa ina ta godiya, ina cewa ban san da me zan saka masa ba. Duk wannan godiyar da nake zubawa, takardar nan tana aljihun rigar da na riƙe a ɗaya hannun. Na nemo ma'aikacin lafiyar da ke zuwa makarantar, ya duba shi ya ba shi magani, ya ce lallai a kai shi asibiti a Hadejia idan hanya ta samu.

Kwana biyu na yi ina fama da ita. Na warware ta a kan buhu, na bi kowane lungu da tsumma da mai, na goge harsasan ɗaya bayan ɗaya. Laka ta fita, tsatsa ba ta kama ba. Ƙaurin kifi ne ya ƙi fita, musamman a jikin maratayin. Kuliyoyin makarantar nan sai da suka riƙa bina.

Ran Juma'a masu canjinmu suka iso. Na ce a nemo wani ya fitar da mu, tsohon ya ce atafau, shi ya ɗauko mu, shi zai mayar. Ya fito da auduga a kunne, ya ɗan rame. Muka cire takalma ba tare da an ce mu cire ba. Na cire gidan harsashin na sa a jaka, na naɗe gindinta, na miƙa masa ita da hannu biyu a gaban duk wanda ke bakin ruwan. Shi ne farar hula na farko da na taɓa miƙa wa makami, kuma na ƙarshe. Ya karɓa, ya auna nauyinta a hannu, ya ce, "'Yar ƙarama da ita, sai nauyin tsiya." Ya ɗaure ta da jakar a igiyar gora, ya kwantar a tsakiyar jirgi, bakinta yana kallon ruwa yadda na nuna masa.

Da muka zo daidai bishiyar nan, na zaro takardar daga aljihu. Na yayyaga ta ƙanana-ƙanana, na saka hannu a ruwa na sake su. Na ɗauka za su nutse. Sai suka bazu a sama, farare, suna bin gefen jirgin.

Tsohon yana tsaye a baya da sandarsa. Ya dube su.

"Ita ce wadda aka karanta mini?"

Na juya na dubi kofur, ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa.

"Ran Litinin da la'asar ya zo da ita," in ji tsohon. "Ya fassara mini da Hausa, tiryan-tiryan. Kada ka yi masa faɗa, cewa ya yi gara in sani tun da wuri. Ka iya rubutu, bawana. Abu ɗaya ne ya ba ni haushi, ba ka sa guza ba. Ai shi ma da shi aka yi."

Na ce, "Baba..." Na yunƙura zan juyo gaba ɗaya in fuskance shi, jirgi ya yi tangaɗi.

"Zauna! Kada ka sake miƙe mini."

Na zauna. Muka yi tafiya mai ɗan nisa. Can na daure na tambaye shi abin da ke cina. Na ce, saboda takardar ya shiga ruwan?

Bai ji ba. Sai da ya juyo da kunnen dama na sake faɗa.

Ya gyara riƙon sandarsa. Sannan ya ce, "Shekarata hamsin ina fito, ban taɓa ɗaukar kayan mutum na kasa haye da su ba. Ko babu takarda, abin yana damuna." Ya tura sanda, ya sake turawa. "Amma ba zan yi maka ƙarya ba, na ji tsoro. Na ce in aka tafi da ni, tsohuwar nan wa zan bar wa ita, ga ruwa ya cinye gida?"

Na ce ya yafe mini don girman Allah. Na faɗa da ƙarfi don ya ji. Ya ce ya yafe tun ran Talata, in daina ihu kada in tayar masa da kifi.

A Hadejia mai kula da ɗakin makamai ya karɓe ta, ya duba lambarta, ya ƙirga harsasai, suka cika. Ya kai maratayin hancinsa, ya dube ni.

"Kai kuwa gadi aka tura ka ko cin kifi?"

Na ce duka biyun. Ya yi dariya ya sa hannu. Na ajiye aiki a lokacina, takardata fes, har da 'yar walima da jawabin yabo. Aka ce a yi koyi da ni, wai shekara talatin ban taɓa sakaci da makami ba. Ina zaune ina jin su, ina jin kunya har cikin ƙashina.

Da ruwa ya janye na koma na kai shi asibiti. Likita ya duba ya ce kunnen hagun ya tafi ke nan, sai dai a kiyaye na daman. Tun daga nan duk shekara bayan an yanke shinkafa nakan hau babur in je in gaishe su. Ya daina fito yanzu, yana zama a gindin bishiya yana gyaran komar kamun kifi. Inna takan cika mini leda da banda, ta ce wannan dai ba ya harbi. Shi kuwa da ya hango ni zai fara, "Ga bawana, ga mai tsoron guza!" Bai taɓa tayar da maganar takardar ba, ko sau ɗaya.

In na zo zama, wani lokaci nakan manta in zauna ta hagunsa. Sai ya ajiye komar, ya dafa ƙasa, ya juya jikinsa gaba ɗaya a hankali ya ba ni kunnen da ya rage masa, ya ce, "To, me kake cewa?"